Farfesa da Kalmomi Biyu na Hajiya

A wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya tal, an yi wani mai guga da kowa ke kira Farfesa. Ba jami'a ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da wani kwastoma ya manta tabarau a aljihun riga bai dawo nema ba. Makaranta kam ya yi ta, har aji biyu na sakandare, inda a faɗarsa malamai suka roƙe shi ya koma gida saboda tambayoyinsa na sa su kuka a ofis. Matarsa, wadda ta san shi tun kafin tabarau, ta ce ita dai abin da ta ji shi ne gilashin motar shugaban makaranta ne ya fashe.

Abin da ya tsaya wa Farfesa a rai shi ne shagon ƙofar gida. Ɗan ƙaramin shago ne mai ƙofar ƙarfe, wata uku ke nan a rufe tun da mai cajin waya ya tashi. Shi kuwa Farfesa yana guga ne a lungun da ke tsakanin banɗaki da tankin ruwa, inda duk rigar da ya goge sai ta kwashi wani ƙamshi da ba na turare ba. Mai aski ma, wanda ke sana'arsa a gindin bishiyar ƙofar gida da madubi rataye a ƙusa, idonsa na kan shagon. Kullum su biyun sai sun gaida Hajiya mai gidan har sau uku uku, ita kuma ta ce tana nan tana tunani.

Ran nan da hantsi Hajiya ta fito ƙofar gida da waya a hannu, fuska ba walwala. 'Yarta likita ce a ƙasar waje, kuma wata mai kamawa Hajiya za ta je ta kwana musu biyu. Matsalar ita ce jikoki. Ba sa jin Hausa ko ta "zo nan".

"Jikan da ba za ka aika ba ai hoto ne," in ji Hajiya. "Na ce wa Likita ni ba na son Turanci mai yawa, na aike kawai nake so. Ta turo min kalma biyu, wai bring da take. Tun jiya nake juya su. Da na kama ɗaya sai ɗayar ta suɓuce."

Mai aski yana tsakiyar aske kan wani, ko ɗagowa bai yi ba. "Hajiya ai wannan ba wani abu ba ne. Ta farko kawo, ta biyu kai. Shi ke nan."

Farfesa ya fito ke nan da gogaggun kaya a kafaɗa. Ya tsaya cak. Ya yi wata 'yar dariya a hankali, ya cire tabarau, ya goge shi da rigar kwastoma, ya mayar.

"Allah sarki. Turancin gindin bishiya."

"To gyara min, Farfesan gawayi."

"Hajiya, in da haka Turanci yake da sauƙi, da Turawa da kansu sun daina tura 'ya'yansu makaranta. Kalmomin nan biyu da kike gani, babu masu haɗarinsu a duk yaren. Matakai bakwai gare su. Na san wani babban mutum da ya faɗi ɗaya a wurin ɗaya a filin jirgi. Ko igiyar takalmi ba a bari ya ɗaure ba, aka juyo da shi a jirgin da ya kai shi."

Hajiya ta dafe ƙirji. "A jirgin da ya kai shi?"

"A kujerar da ya zauna ma. Ba ta gama hucewa ba."

"Wane ne mutumin?" in ji mai aski.

"Iyalinsa sun roƙi a rufa."

Nan take Farfesa ya shimfiɗa tsarinsa. A ba shi makullin shago na mako guda ya buɗe makaranta. Daga Litinin zuwa Juma'a karatu, ran Asabar a kira Likita ta bidiyo ta yi wa mahaifiyarta jarrabawa a gaban kowa.

Hajiya ta kwance makulli daga bakin gyalenta, amma ba ta sake shi nan da nan ba. "In Likita ta ce na iya, shago naka ne. In ta ce shirme ne, ran Asabar ɗin makullin nan yana hannun mai aski. Ka ji ko?"

"Hajiya, sai dai ki yi hattara kada ki dawo kin manta Hausa."

Da ya koma lungunsa sai ya zaro ƙamus daga ƙarƙashin ƙafar teburin guga, inda ya shekara huɗu yana aikin daidaita tebur. Teburin ya karkace, dutsen guga ya zame, Farfesa ya cafe shi ta wajen da ba a cafewa. Bayan ya gama hura yatsu ya buɗe littafin. Sai ya tarar an bayyana Turanci da Turanci, abin da ya ɗauka a matsayin tsantsar rashin mutunci. Kalma ta farko an ba ta rabin shafi. Ta biyun shafi uku ta cinye, da ƙananan lambobi kamar takardar magani.

Matarsa ta leƙo. "Malam, to mene ne bambancin?"

"Madam, ba a buɗe tukunyar ilimi a tsaye."

"Ba abin da mai aski ya faɗa ba ne?"

Farfesa ya rufe ƙamus. A ransa ya san wataƙila shi ne. To amma amsar mai aski ce, kuma ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ba a ba mutum shago a kan numfashi ɗaya. Dole a nemo abin da zai cika kwana biyar.

Ran Litinin aka buɗe makaranta. A jikin ƙofar shago an rubuta da alli: CIBIYAR KALMOMI MASU HAƊARI. Ɗalibai su ne Hajiya, a kan kujerarta mai hannu da aka ɗauko daga falo, da Tela mai haya a gidan, wanda aka yi wa alkawarin takardar shaida mai tambari, da matan gidan su uku, sai matar Farfesa da aka sa ta cike benci.

"Turanci ba a baki yake zama ba," in ji Farfesa. "A gaɓoɓi yake zama. Abin da ka faɗa za ka manta. Abin da ka ɗauka a ka, har abada. Wannan ita ce hanyata, kuma yanzu haka ana nemana a kanta a ƙasashe uku."

"Da sammaci ko da gayyata?" in ji mai aski daga gindin bishiya.

Farfesa ya ja layi da alli daga ƙofar shago har bakin famfo. Ya leƙa tsakar gida neman kayan aiki, ya hango bokiti cike da ruwa a ƙofar banɗaki. Ya sa Tela ya ɗauko. In ya daka tsawa da kalma ta farko, Tela ya taho da bokiti. In ya daka da ta biyu, Tela ya koma. Wani lokaci kuma, don kada abin ya yi kama da maganar mai aski, sai ya juya su. Tela ya tsaya a tsakiyar layi da bokiti a ka, ruwa na bin wuyansa.

"Farfesa, ɗazu da ka ce wannan tahowa na yi."

"Ɗazu mataki na ɗaya ne. Wuce."

A zagaye na goma sha ɗaya sai wani hannu mai kumfa ya fito ta ƙasan ƙofar banɗaki yana lalube. Makanike ne, mai ɗaki na shida. Banɗakin ba ya ɗaukar bokiti biyu, shi ya sa yake barin na ɗauraya a waje.

"Wane ɗan albarka ne ya ɗauke min ruwa?"

"Ana darasi," in ji Farfesa.

"Sabulu na cikin idona!"

"Kalma ɗaya ce tsakaninka da ruwan nan. Faɗe ta da Turanci."

Makanike ya faɗi kalmomi da yawa. Babu ta Turanci a ciki, kuma babu wadda za a iya maimaitawa a gaban Hajiya. Ko da bokiti ya koma masa, abin da ya rage bai wuce na wanke fuska ba. Sauran na ƙasan shago da wandon Tela. Makanike ya tafi gareji da busasshiyar kumfa a bayan kunne.

Ran Talata Farfesa ya bayyana mataki na biyu. Kalma ta farko, in ji shi, ta kaya marasa nauyi ce, kamar cokali da carbi. Ta biyun ta masu nauyi ce, shi ya sa ta cinye shafi uku. Hajiya ta sa aka rubuta mata a bayan kalanda. Sannan ya ba da aikin gida: kowane ɗalibi ya ɗauki abu ɗaya mai nauyi daga ɗakinsa ya kai ɗakin wani, ya ɗauko mara nauyi daga can, kuma an hana yin bayani da Hausa.

Ɗaliban nan ba su da ƙiwa. Kafin la'asar kan keken ɗinkin Tela yana ɗakin Hajiya, agogon bangon Hajiya yana kan tankin ruwa. Tukunyar gas ta ɗaki na uku ta koma ɗaki na tara, inda da ma babu murhu. Wata daga cikin matan, don neman maki, ta sauke tukunyar maƙwabciyarta daga kan wuta ta kai ta bayan gida ta ajiye da ladabi. Mai tukunyar ta tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu tana ihun kalmomin biyu a jere, ko Allah zai sa ɗaya ta yi aiki.

Makanike ba ɗalibi ba ne, amma ƙofarsa ba ta da sakata. Ya dawo da yamma ya tarar babu katifa. A wurinta an ajiye masa fanka mai tsayuwa da turmi.

"Ina katifata?"

"Tana mataki na biyu," in ji Farfesa.

"Mataki na biyun a wane ɗaki yake?"

Babu wanda ya sani. Wadda ta ɗauka ta ce ita dai ta kai ɗaki na huɗu. Ta ɗaki na huɗu ta ce ta ga abu mai nauyi, ta ɗauka aikin gidanta ne ya zo da kansa, ta wuce da ita gaba. Sai da aka buɗe ɗaki bakwai kafin a samu katifa a jingine bayan firjin Hajiya.

Ran Laraba wata kwastomar Tela ta zo karɓar ɗinki, ta tarar da Tela zaune a gaban teburin keke yana taka feda, babu kan keken. Ya ce mata yana motsa ƙafa ne kada ta manta aiki. Matar ta yi masa kallo ɗaya ta kwashe yadinta.

Da rigima ta yi yawa, Farfesa ya kafa doka. Duk abin da aka sa a darasi za a yi masa alama da alli, don a san kayan karatu ne, mai shi ya yi haƙuri har a tashi. Ya bi gida da alli. Katifa ta samu, turmi ya samu, firjin Hajiya ya samu. Akwai wani tsoho da ya zo gaida ɗansa ya yi gyangyaɗi a kan benci, shi ma da ƙyar sandarsa ta tsira.

Ran Alhamis kuma sai ga mataki na huɗu, don na ukun, in ji Farfesa, sai wanda ya yi digiri. Kalma ta farko ta safe ce, ta biyun daga azahar zuwa sama.

Hajiya ta juya kalanda. "Farfesa, shekaranjiya ka ce maganar nauyi ce."

"Tana nan, Hajiya. Ai haɗa su ake yi."

"To in abu mai nauyi ne kuma da safe fa?"

"Sai ki jira azahar."

"Ni da jikana, sai na jira azahar?"

"Shi ya sa kika ga Turawa da agogo a hannu ko'ina."

Hajiya ta rubuta. Matar Farfesa ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa, kafaɗunta na rawa.

Bayan an tashi sai ga Nas, mai ɗaki na goma sha ɗaya, ta zo aron alli. An yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan tafiyar yini guda. Gobe Juma'a za ta yi gaba ta share sabon ɗaki, ran Asabar da safe motar kwasar kaya za ta zo. Ta ce za ta fito da kayanta baranda ta yi musu alama, ta riga ta gaya wa direba duk abin da ya gani da alli nata ne.

Farfesa ya ba ta alli har guda biyu. Wani abu ya faɗo masa a rai, mai girma, har sai da ya zauna.

"Madam," ya ce wa matarsa, "kin taɓa ganin jarrabawar da aka yi da babbar mota?"

"Malam, ka bar motar mutane."

"Minti goma kawai. A loda da kalma ɗaya, a sauke da ɗayar. Likita na gani za ta san ba da yara take magana ba."

"Ka gaya wa direban?"

"Direba ai ɗan kallo ne a wannan harka."

Ran Asabar tun da sassafe aka fito da kayan karatu tsakar gida aka jera. Maƙwabta sun cika ƙofar gida, har da masu leƙe ta katanga. Mai aski ya juyo da kujerar askinsa ta fuskanci gidan, don kada kwastoma ya rasa komai. Farfesa ya sa kwat ɗin wani kwastoma da ba zai zo karɓa ba sai Litinin.

Aka kira Likita. Aka jingina wayar Hajiya a kan firji, a jikin wani kwali, yadda za ta ga kowa. Bayan gaishe-gaishe Farfesa ya yi jawabin maraba na minti ashirin, wanda ya fara da tarihin alli.

"To Mama," in ji Likita daga cikin waya, "abu mai sauƙi. Kina zaune, kina so yaro ya kawo miki ruwa. Me za ki ce?"

Hajiya ta gyara zama ta duba kalanda. "A kofi ko a bokiti?"

"Ruwa dai, Mama. Na sha."

"Ƙarfe nawa a wajenku?"

"Me ya haɗa shi da ƙarfe nawa?"

"In azahar ta yi, ba zan iya nema ba sai dai in ba shi. In kuma bokiti ne, sai ya jira. Ko ba haka ba, Farfesa?"

Can Likita ta ce, "Mama, wa ya koya miki wannan?"

Hannaye da yawa suka nuna, har da na kan katanga.

"Ranki ya daɗe, wannan ɓangaren baki ne," in ji Farfesa da sauri. "Mu a aikace muka fi ƙarfi."

Kamar an aiko ta, sai ga babbar mota ta yi ribas ta tsaya a ƙofar gida. Direba ya sauko da takarda a hannu, wani dattijo mara yawan magana, da ma'aikata biyu majiya ƙarfi. Suka nufi baranda suka fara kwasar kayan Nas.

"Wannan motar fa?" in ji Hajiya.

"Jarrabawar aikace ce, Hajiya. Musamman aka turo ta." Farfesa ya haye benci, ya buɗe hannuwa, ya daka tsawa da kalma ta biyu.

Kwana biyar ɗaliban nan suna ɗaukar kaya, jikinsu ya saba. Tela ya rungumi kan kekensa ya miƙa da hannunsa. Mata suka yi layi da tukwane, da tukunyar gas, da turmi, da agogon bango. Ma'aikatan suka ga alli, suka ga masu taimako kyauta, suka yi ta karɓa suna cusawa tsakanin kayan Nas. Katifar Makanike ta wuce ta gaban idonsa.

"Kai! Ina za a kai ta kuma?"

"Minti goma," in ji Farfesa daga kan benci. "Tarihi ake kafawa."

Hajiya ta miƙe don ta ga da kyau, kujerarta ta bi sahu. Ma'aikatan suka jefa wa firji bargo suka naɗe shi da duk abin da ke kansa, suka ɗaga. Kafin a ce haka tsakar gida ta zama fili. Aka ja tamfol, aka ɗaure da igiya ta ko'ina. Kujerar Hajiya ce kaɗai ba ta samu wuri a ciki ba, aka ɗaure ta a can baya tana fuskantar titi.

Farfesa ya jira aka yi tsit. Ya gyara kwat. Ya ɗaga yatsa sama, ya daka tsawa da kalma ta farko.

Ɗalibai suka nufi mota. Direba ya tsaya a gabansu yana naɗe ragowar igiya a gwiwar hannu.

"Lafiya?"

"Saukewa za a yi," in ji Farfesa. "Kashi na biyu ke nan."

"Ba a saukewa a nan. A inda takarda ta ce ake saukewa."

"Baba direba, ba ka gane ba. Rabin kayan nan na karatu ne."

"Mai kaya ta ce duk mai alli nata ne. Akwai wanda ba shi da alli a ciki?"

Babu. Farfesa ya yi aikinsa da kyau.

"Keken ɗinkina ne a ciki!" in ji Tela.

"Kai ka miƙo shi da hannunka, kana murmushi. In na sauke abu ɗaya ba da izinin mai kaya ba, ni ne ɓarawo. Shekara talatin ina wannan aiki, ko cokali ba a taɓa nema a wurina ba. Ku kira ta."

Aka kira Nas. Wayarta a kashe. Aka sake kira. A kashe. Wata ta tuna Nas ta ce sabon gidan ba a haɗa wuta ba tukuna.

Farfesa ya sauko daga benci, ya ja direba gefe, ya rage murya. Ya gwada masa Turanci. Direba ya dube shi. Ya gwada Hausa, da "don girman Allah" a farko da ƙarshe. Direba ya duba agogo ya ce yana so ya isa da sauran rana.

Sai aka ji wata 'yar murya daga can ƙarƙashin tamfol. "Mama? Mama, duhu nake gani. Ina kuka kai ni?"

Hajiya ta lalubi gyalenta, ta lalubi hannunta, ta dubi inda firji yake a da.

"Likita!" ta ƙwala wa tamfol kira. "Kina ciki?"

"Ina jin ƙarar inji, Mama!"

"To ki faɗa min tun kafin a tafi da ke. Na ci ko ban ci ba?"

"Mama, shirme ne! Daga farko har ƙarshe!"

Duk layin ya ji, har na kan katanga. Hajiya ta juyo ta miƙa wa Farfesa tafin hannu. Farfesa ya shiga laluben aljihun kwat yana cewa ai sakamakon da aka bayar daga cikin duhu ba ya tsayawa a ko'ina a duniya, akwai damar ɗaukaka ƙara. Matarsa ta zo ta zura hannu a aljihun wandonsa na hagu, ta ciro makulli, ta sa a hannun Hajiya. Hajiya ta miƙa wa mai aski ba tare da ta ko waiwaya ba.

"Kai kuma," ta ce wa Farfesa, "za ka bi motar nan. Ka nemo Nas, ka ware kayan mutane ɗaya bayan ɗaya, ka dawo da su. Da firjina, da 'yata."

"Ni zuwa kawai nake yi," in ji direba. "Ba na dawowa ta nan."

"Wannan matsalarsa ce. Ko a ka ne. Ai ya ce abin da aka ɗauka a ka ba a mantawa."

Gaban mota mutum uku yake ɗauka, kuma su ukun sun riga sun shiga. Makanike da Tela suka ɗaga Farfesa, ba tare da an roƙe su ba, suka ɗora shi a kujerar Hajiya da ke ɗaure a baya. Makanike ya zagaya masa igiya a ƙugu, ya ja ta fiye da yadda ake buƙata.

"Katifata ta dawo da ko ɗigon mai, ni da kai ne."

"Ka cire kwat ɗin mutane!" in ji matar Farfesa. Amma mota ta riga ta motsa.

Daga kan kujera Farfesa yana kallon gidan yana ja da baya. Ya ga mai aski ya zare madubi daga ƙusa ya rungume shi ya nufi shago. Ya ga ya tsaya a ƙofa ya goge rubutun allin da tawul ɗin aski, a hankali, harafi bayan harafi.

A bakin babban titi mota ta tsaya jiran hannu. Wani mai faci da ya san shi ya ɗago daga kan taya, ya ga mutum cikin kwat da tabarau a kan kujerar falo, ɗaure a bayan motar kaya.

"A'a! Farfesa, ina zuwa haka?"

Farfesa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, iyakar yadda igiya ta bari.

"Lacca aka gayyace ni a wani gari. Na ce musu ba ni da lokaci, ka ga har kujera suka aiko."